Manajanmu ne ya rubuta wa kansa lada, in sa hannu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan rasuwar mahaifinmu aka sa ni a kujerarsa cikin daraktocin wani kamfanin casar shinkafa. Ni malamar makaranta ce, ban san kan abin ba. A zaman da ya wuce manajan darakta ya kawo takarda: a ba shi ladan ƙarshen shekara gwargwadon yawan buhunan da aka sayar. Yana zaune aka karanta, kowa ya gyaɗa kai. Kuma aminin Baba ne, tun ina ƙarama nake ce masa Kawu. In sa hannu ko kuwa?

Wani tsohon akanta: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki sa tukuna. Tambaya ɗaya za ki yi: buhun da ya fita daga sito ake ƙirgawa, ko kuɗin da ya shigo asusu? In na farkon ne, kun buɗe masa ƙofar zuba wa diloli kaya bashi a watan ƙarshe, ya karɓi ladansa, ku kwana da bin bashi. Ba wai mugu ba ne, kowa abin da aka auna shi da shi yake bi. Bankin Wells Fargo na Amurka haka ya matsa wa ma'aikata kan yawan asusun da za su buɗe, suka riƙa buɗe wa mutane ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, shugabansa John Stumpf ya rasa ladan dala miliyan 41, ya sauka. Ku ɗaura ladan a kan ribar da odita, wato mai binciken lissafin kamfani, ya tabbatar, a riƙe wani kaso sai bayan shekara biyu, a kuma rubuta cewa in lissafi ya fito da ƙarya zai mayar.

Wata lauya: Zamansa a ɗakin shi ne kuskuren farko. Ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta Najeriya ta 2018 ta hana manajan darakta zama cikin kwamitin albashi. Ku kafa shi da daraktocin da ba ma'aikatan kamfanin ba. In sun ƙi, ki nemi a rubuta ƙin amincewarki a bayanin taron.

Wani ɗan kasuwa: Ni dai kar a kai ga ɓata zumunci. Mutumin da ya riƙe injin nan shekara da shekaru, in kun ƙuntata masa wani zai ɗauke shi gobe.

Tsohon akantan: Alhaji, ba a ce a hana shi ba. Amma ka tuna Agustan 2009, da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana guda, Babban Banki ya zuba naira biliyan 420 don ceto su. Duk suna da daraktoci, amma ba su taka birki ba har bashin da ba ya biyuwa ya taru. Hajiya, ki kuma nemi a riƙa kawo muku duk wata uku: nawa diloli suka riƙe, nawa banki ke binku, shanshera ta wata nawa ke sito.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Zan fara zuwa gida in gaishe da Kawu, in faɗa masa da bakina kafin ya ji a wurin taro.