Me doguwar kwanciya ke yi wa jinin mace da sinadaran jikinta?

Ɗalibar jinya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. A darasinmu na wannan makon an ce masana sukan kwantar da mutane makonni a gado domin kwaikwayon rashin nauyin da 'yan sama jannati ke fuskanta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin bara goggona ta yi kusan wata biyu a kwance bayan karayar ƙugu, kuma ranar da muka miƙar da ita gumi ya keto mata, idonta ya juya, ta sulale a hannunmu tun ba ta kai bakin ƙofa ba. Shin wannan ne abin da ake bincike a kansa, kuma jikin mace ya bambanta da na namiji a nan?

Malamin ilimin aikin jiki, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa goggo lafiya. Kusan shi ne. A shekarar 2005 an yi bincike mai suna WISE a birnin Tulus na Faransa, inda mata 24 suka kwanta kwana 60 a gadon da aka karkatar da digiri 6, kai ƙasa ƙafa sama, ba tashi ko don wanka. A wannan kwanciya jinin da ya saba taruwa a ƙafafu yakan gangaro ƙirji da kai, sai jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ƙoda ta zubar da shi ta fitsari, ruwan jini ya ragu da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Daga baya renin da aldosteron, sinadaran da ke riƙe gishiri da ruwa, sukan ƙaru, amma ba sa mayar da abin da aka rasa. Zuciya kuma, da yake aikinta ya yi sauƙi, tsokarta takan rame. Idan mutum ya miƙe, jini ya koma ƙafafu, abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya gaza, shi ne jirin da suman da kuka gani. An lura mata sun fi maza yawan fuskantar wannan bayan dawowa daga sararin samaniya, kuma daga cikin dalilan da ake kawowa akwai cewa jijiyoyin jininsu ba sa matsewa da ƙarfi kamar na maza lokacin tsayuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne mata takwas da aka sa motsa jiki suna kwance, zuciyarsu ba ta rame ba.

Ungozoma, Argungu:
'Yata, ki ƙara da batun daskarewar jini, domin shi ya fi ba ni tsoro. Mata 'yan sama jannati da yawa sukan sha ƙwayar tazarar haihuwa don dakatar da al'ada yayin tafiya, alhali sinadarin mata na istirojin da ke cikin ƙwayar yana ƙara haɗarin gudan jini, kuma a 2019 an ba da rahoton samun gudan jini a jijiyar wuyan wani ma'aikacin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Mai ciki da mai jego ma jininsu ya fi saurin daskarewa, shi ya sa raina ke ɓaci idan na tarar an hana maijego motsi kwana da kwanaki da sunan tausayi. Ni nakan sa ta riƙa lanƙwasa idon sawu tana kwance, ta sha ruwa sosai, ranar tashi kuma ta fara zama a bakin gado ƙafafu a ƙasa na 'yan mintuna, mutum biyu na gefenta. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a matsa ta, a kai ta asibiti nan take.

Ɗalibar jinya, Birnin Kebbi:
Na gode, Malam. Na gode, Inna. Mu kam daga kwance muka ɗaga goggo tsaye kai tsaye, ba wanda ya ce mana a fara zaunar da ita.