Kwali uku na tsofaffin hotuna, babu suna a bayansu: ta ina zan fara?

Baƙon Kansas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata ta huɗu ke nan ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a yammacin jihar Kansas, Amurka. Gundumar da nake ciki fili ne fetal, sai ka yi tafiyar rabin sa'a ba ka ga bishiya goma ba, daga alkama sai dawa sai shanu. Dawar tasu gajera ce, da ƙyar take kai ƙugu, kuma dabbobi ake ba. Kowane gari kana hango rumbunsa na siminti tun kafin ka ga gidajen.

Saboda zaman kaɗaici na fara zuwa gidan tarihin gundumar ranar Asabar ina taimaka musu. Masu riƙe da wurin tsofaffi ne, mu shida ne har da ni, kuma ni ne yaro a cikinsu. Watan jiya wani manomi ya rasu, 'ya'yansa suka zo daga Denver suka sayar da gonar, suka ajiye mana kwali uku na hotuna suka koma. Na ƙirga 412. Akwai na masu sussukar alkama da injin tururi, akwai na 'yan makarantar nan mai aji ɗaya tal, akwai wani na baƙar guguwar ƙura ta taso kamar dutse a bayan gari. Waɗanda aka rubuta suna a bayansu ba su kai 30 ba.

Akwai wata dattijuwa mai shekara 93 a gidan kula da tsofaffi, an ce ta san kowa. Shugabar tamu ta ce sai na gama saka duka a kwamfuta da sikana kafin a fitar da ko ɗaya daga ginin, ni kuwa Asabar kaɗai gare ni. Wani kuma ya ce a zuba su a Facebook jama'a su faɗi sunaye, wata ta ce ba ta yarda a baza fuskokin iyayen mutane ba. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya ba ni shawara.

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekaru ina aikin adana takardu kafin in yi ritaya, ga abin da zan ce maka. Hoton da ya yi shekara 90 a kwali zai ƙara wata shida bai ce komai ba. Tsohuwar ce ba ta da tabbas. Ka je wurinta wannan Asabar ɗin.

Shugabarku ma tana da gaskiyarta, hoto in ya fita yakan ɓata. To a raba gardama: ka ɗauki fensir mai laushi, ka sa wa kowane hoto lamba a baya, can gefe, 1 zuwa 412. Ban da biro, yana huda takarda kuma tawadarsa tana ratsowa. Sai ka ɗauki guda 20 da wayarka, ka buga su manya a takarda, su za ka kai mata. Ka kunna rikoda a waya, ka riƙa faɗin lambar da baki kafin ta fara magana, in ba haka ba za ka dawo gida da murya mai daɗi ba ka san wane hoto take nufi ba. Na taɓa yin wannan kuskuren da wani dattijo, kaset biyu cur, kuma bai kai damina ba.

Kada ka tambaye ta "wane ne wannan?" ka tsaya. Ka ce gonar wa ce, wa ya auri wa, ina suka koma. Kuma kar ka wuce minti 40, tsoho in ya gaji yakan ba ka suna don ka ƙyale shi.

'Yar Zazzau a Hays:
Yaya, ashe kusa muke, ina karatu a jami'ar Fort Hays. Abin da Baba ya faɗa shi ne, ni ƙari zan yi ta wajen takardu, don mutanen nan sun rubuta komai. Filayen wannan yanki da yawa an same su ne ta dokar 1862 da ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma shekara 5, kuma takardun mallakar suna intanet a shafin ofishin filaye na gwamnatin tarayya, da sunan mutum da lambar fili. Sannan kusan kowace gunduma tana da tsohon littafin taswira na farkon ƙarni na 20, da sunan mai gona a rubuce a kan kowane yanki. Ka duba, zan yi mamaki in babu kwafi a gidan tarihinku. In ka gane gonar mamacin a ciki, maƙwabtansa su ne rabin mutanen da ke hotunan.

Ƙidayar jama'a ta 1950 an buɗe ta a 2022, saboda sai bayan shekara 72 ake sakin sunaye, don haka 'yan makarantar nan za ka iya samun su gida-gida. Tsofaffin jaridun ƙauyuka kuma ƙungiyar tarihi ta jiha da ke Topeka ta tara su, a ciki har wanda ya je cin abincin Lahadi gidan wa ana bugawa. In mota ta fito a hoto ka ƙura wa lambarta ido, ta dā tana ɗauke da shekara. Na guguwar kuwa kar ka yi saurin rubuta 14 ga Afrilu 1935. Ita ce ta yi suna, amma shekarun nan guguwa ta yi ta zuwa, ba ɗaya ba ce.

Kuma in ka samu sarari ƙarshen Yuli ka je garin Nicodemus a gundumar Graham. Baƙaƙen fata da suka fito daga bauta, akasari daga Kentucky, suka kafa shi a 1877, da farko a ramuka suka zauna. Jirgin ƙasa ya kauce musu, garin ya tsiyaye, yanzu mazaunansa kaɗan ne ƙwarai. Amma jikoki suna dawowa duk shekara, kowa da hotunan gidansu. Tun 1996 yana cikin wuraren tarihi na ƙasa. Na je bara, na ga wata mata ta ɗaga hoto a zauren garin, kafin ta sauke mutum uku sun faɗi sunan.

Mai Shayi:
Malam, ni tambaya gare ni. 'Ya'yan cikinsa sun ajiye kwalin sun tafi, kai da ka fito daga Funtuwa ko ina ne kake kashe hutunka a kai? Hoton kakanka fa, ka san inda yake?

Baƙon Kansas:
Mai Shayi ka soke ni inda ke ciwo. Guda ɗaya ne, na katin haraji, kuma rabon da in gan shi tun gyaran ɗakin Inna. Na tura wa ƙanwata saƙo jiya da dare ta bincika.

Baba, na bi maganarka. Shugabar ta yarda da kwafi. Na kai wa dattijuwar 20, ta gane mutane a 14. A na bakwai ta yi shiru, sannan ta ce wannan yayanta ne a kan tarakta, shekarar da ya tafi yaƙi, ba ta taɓa ganin hoton ba. Na bar mata takardar. Ta kuma gyara mana wani da aka rubuta suna a baya, ta ce wanda ya rubuta ya rikita sunayen 'yan uwa biyu. Yanzu ban san wanda zan bi ba, ita ko rubutun.

Tsohon Ma'aji:
Ka rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Kada ka goge na farko. Maganar Facebook kuma, ku fara da hotunan tituna da makarantu da na sussuka, na cikin gida ku bari sai an tambayi dangi. Asabar mai zuwa ka kai mata wasu 20, ka fara da na makaranta tun da safe, kafin a ba ta magani.