Wa ya san bikin Uttarayan na Indiya? Ƙanena aka gayyata

Maman_Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa zama a Indiya ku taimaka min. Ƙanena yana karatu a Ahmedabad, jiya ya bugo yake ce min ranar 14 ga Janairu ba makaranta wai bikin Uttarayan, abokinsa ya gayyace shi gidansu za su hau saman bene su wuni suna sakin jirgin takardar nan mai zare da suke ce wa patang. Ni dai hankalina bai kwanta ba, Hajiyarmu ma sai tambayata take. Miye asalin abin, kuma ba matsala ya je?

Abu_Hanan:
Wa alaikis salam Anti. Na yi shekara uku a Gujarat, jihar da Ahmedabad take, sau uku aka yi ina nan. Sunansa na asali Makar Sankranti, 'yan Hindu suna yinsa ne idan rana ta shiga burujin da suke kira Makara, a wajensu sanyi ya fara ja da baya kenan, yini zai riƙa tsawo, kuma lokacin girbi ne. Da yake lissafin rana ake bi ba na wata ba shi ya sa kusan kullum 14 ga Janairu yake faɗowa, wani sa'in 15. A jihar Tamil Nadu bikin Pongal suke yi a lokacin, amma sakin patang kam 'yan Gujarat ne gwanaye, tun 1989 ma suke shirya na ƙasa da ƙasa a Ahmedabad.

Wallahi abin kallo ne. Tun da sassafe kowa yana saman rufi, tsofaffi da yara da sifika ana ta kiɗa, ka ɗaga kai sama ta cika fal da ja da kore da ruwan ɗorawa. Mutum ɗaya yana riƙe da firki wato abin naɗe zaren, ɗaya yana ja, burin kowa ya tsinke zaren maƙwabci, da ya tsinke sai ka ji an kwarma ihu "kai po che!" wato na tsinke, yara kuma su bi wanda ya faɗo a guje. Ana raba alawar riɗi da mazarƙwaila, sak kantun riɗinmu.

Dr_Binta_K:
Yaya Abu ka bar babban abu fa, zaren. Manja suke ce masa, garin gilashi ake shafa masa da gam don ya yi kaifi. Ni da idona na ga tantabara rataye a bishiya fiffike ya kusa rabuwa da jiki, har yau abin yana raina. Masu babur ma yana yankar musu wuya, shi ya sa za ki ga sun ɗaura lanƙwasasshiyar waya a gaban babur ɗin. Na roban da ba ya tsinkewa kotun kare muhalli ta ƙasar ta haramta shi a 2017 amma ana sayarwa a ɓoye. Maman Sadik, ki ce wa ƙanen naki ya naɗe yatsunsa da filasta, kar ya riƙa ja da baya a saman bene ido na sama, kuma kar ya hau babur ranar da washegari, don 15 ɗin ma yi suke.

Malam_Sani:
'Yar uwa akwai ɓangaren ibadarsu a ciki, wanka a kogi irin Ganga da addu'a ga rana da sadaka, wannan ba namu ba ne. Patang ɗin kuwa Musulmi da yawa a Ahmedabad su ke haɗa shi su sayar. Ya tambayi malaman masallacin da yake sallah, sun fi mu sanin garin.

Maman_Sadik:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Anti Binta maganar wuyan nan ta tsorata ni, don da babur yake zuwa makaranta, yanzu zan kira shi.