Yadda ƙungiyoyin agajin lafiya ke lallaɓawa da tsadar abinci

A wata hira da ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci suka yi a Samaru, an daɗe kan matsalar da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ke ciki. Abinci ya yi tsada tun cire tallafin mai a 2023, sai kuma Amurka ta zaftare tallafin da take ba ayyukan agaji a 2025.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a koma ga abin da muke nomawa. Madarar gyaɗar da ake ba yara masu tamowa ana haɗa ta da garin madara da sukari da mai, ga tsada. A bar ta ga yaran da suka galabaita sosai. Masu sauƙi-sauƙi kuwa, kunun gero da waken soya da gyaɗa ya wadatar, in an koya wa iyaye mata yadda ake soyawa da niƙawa.

Wata ungozoma ta nace kan a raba wa uwaye zaren awon damtsen yaro, mai launuka, wanda ake gane tamowa da shi. Da ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya asibiti. A ganina wannan ta fi kowace arha, domin kwantar da yaro a gado ne ke cin kuɗi.

An kuma yaba wa ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa (MSF), wadda yawancin kuɗinta daga ɗaiɗaikun mutane yake fitowa. Wasu suka ce zakka da waƙafi za su iya cike wani giɓin a nan gida, amma an rabu kan wa zai riƙe amanar.