Wa Ke Ja wa Dabino Guga?

Manomin Fadama:
Sallama gare ku malamai, da tambaya nake tahowa.
Kowa ya san ruwa gangare yake bi, tudu ba ya hawa.
Injin ban-ruwana, in zurfi ya doshi mita 10, sai ya daina zuƙowa.
To wa ke ja wa dabino guga, har ƙoli ruwa ke isowa?

Malama Mai Alli:
Baba, sirrin yana ga ganye, ba ya wajen saiwa.
Akwai ƙananan ƙofofi a jikinsa da ido ba ya ganowa,
Suna buɗewa da rana don shaƙar iskar da abinci ke haɗuwa,
Ta nan ruwa ke zama tururi, ya bi iska yana ficewa.
Duk ɗigon da ya fita, na bayansa yake jawowa,
Domin ƙwayoyin ruwa riƙe suke da juna, ba sa rabuwa,
Cikin siraran bututan itace, tun daga ƙasa ba yankewa.
Fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da bishiya ta sha, haka yake salwancewa.

Ɗalibin Aji Shida:
Malama, a gafarce ni, zuciyata ba ta gamsuwa.
Igiyar kaba ma in an ja ta da ƙarfi tana tsinkewa.

Malama Mai Alli:
Ɗana, masana kimiyya Dixon da Joly a birnin Dublin, a 1894, suka yi bayyanawa
Cewa ruwa a matsattsen bututu yana jure ja ba katsewa.
Injin Baba da nauyin iska ya dogara, shi ya sa yake gazawa,
Amma a Kalifoniya akwai itacen da mita 115 yake zarcewa.
Duk da haka ka yi gaskiya: in fari ya tsananta, kumfar iska na kutsawa,
Ta yanke igiyar ruwan, reshen da ke sama ya soma bushewa.

Manomin Fadama:
'Yata, ashe dalilin ke nan masara da azahar take naɗewa,
Kuka kuma ta zubar da ganye da rani, ruwanta take tsarewa.
Gawo ne ya bambanta, da rani ganyensa ke tsirowa,
Don saiwarsa ta yi zurfi, ruwan ƙasa take tarowa.
Jiya na ɗaura leda a reshen gwaiba, kafin la'asar ta yi raɓa tana ɗigowa.