Albashi baya kai ni 20 ga wata, ina zan rage?

Malamin_Taura:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye nan gefen Taura, mata ɗaya, yara biyar, ga Inna tana wajena ga kuma ƙanina ɗan sakandare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafina ya rikice, an ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 amma wlh kafin 20 ga wata na fara rubuta bashi wajen mai shago, albashi na shigowa sai ya wuce can kai tsaye kamar dama nasa ne. Ina da 'yar gona, to amma bara na sayar da gero tun da kaka saboda bikin ƙanwata, yanzu ga ni ina awo kwano kwano. Kada a ce min in yi haƙuri don Allah, haƙurin ina kan yi, dabara nake so.

Baba_Mai_Awo:
Wa alaikumus salam Malam. Ai ka riga ka faɗi ciwonka da bakinka, geron nan da ka sayar da kaka. Ni shekara da shekaru ina awo a Gujungu ranar Lahadi, wani sa'in in leƙa Maigatari ranar Alhamis, kuma abin da nake gani kenan kowace shekara, manomi ya kawo mana hatsi lokacin da kowa ke kawowa farashi na ƙasa, mu ɗaure mu ajiye ko a loda a kai Dawanau, damina na tsayawa sai ga shi ya dawo da kwano a hannu yana sayen abin da shi ya noma da tsada. Ba na jin daɗin faɗa don ni ke cin ribar amma gaskiya ce.

Bana in Allah ya kai mu ka zauna da uwargida ku lissafa kwano nawa gidanku ke ci a sati, ka ninka har shekara, wannan ka zuba a rumbu ka ɗauka ba naka ba ne. In biki ya taso ko rashin lafiya to ga riɗi ga zoɓo ga akuya, su ake sayarwa, ba abincin yara ba. Shi ya sa nake cewa ko layi biyu ne ka sa riɗi a gonar.

Wake kuma shi ne mai wahalar ajiya saboda ƙwaro. Ka nemi buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, ka shanya waken ya bushe ƙarau, ka ɗaure kowace leda daban iska kada ta shiga, ba ruwanka da magani. In babu, jarka mai murfi mai kyau ma tana yi muddin ka cika ta har baki. Sai dai ɓera, kada ka jingina buhun da bango ka ɗora shi kan katako.

Maman_Khalifa:
Malam sannu da ƙoƙari. Baba ya yi maganar rumbu ni bari in yi ta madafi, amma kafin nan ina da tambaya kuma kada ka ji haushi, shayi da burodi da ƙwai na majalisa da daddare nawa yake ci maka a wata? Don ku maza da an ce a rage kashe kuɗi sai ido ya tafi kan tukunyar mace, an cika Maggi an cika mai, alhali kuɗin da ake bari wajen mai shayi da mai tsire zai yi cefanen kwana biyu. Na mu maigidan sai da na sa ya riƙa rubutawa a bayan littafin yaro sati biyu kawai, da ya haɗa shi da kansa ya yi shiru.

To kayan miya. Lokacin sanyi zuwa farkon bazara da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa ya yi arha, ni kwando nake saya mu yanka mu shanya a kan tabarma mu yi kauɗa, haka tattasai da attaruhu da albasa, kuɓewa kuwa tun da damina nake busarwa, kuka da ma a bayan gida take. Da damina lokacin da ake sayar da tumatir uku kamar zinare ni ko a jikina. Daddawa ta rage miki Maggi, au, ta rage wa uwargida nake nufi. Nama ba dole kullum ba, waken suya ka kawo mata kwano ɗaya ta yi awara yara su ci har a sayar da saura a ƙofar gida, ga ɗanwake ga dambu da zogale. Man gyaɗa da omo da sabulu kada a riƙa sayen na ƙulli kullum, nan ne kuɗi ke zurarewa ba a gani, ku haɗu ku uku ko huɗu da maƙwabta a sayi galan ko katan a raba. Niƙa ma a haɗa na kwana uku a kai inji sau ɗaya.

Sai anko. Wannan kam mu mata laifinmu ne, ni na daina, in biki ya zo in sa wanda nake da shi in kai gudummawata daidai ƙarfina, wadda za ta yi fushi ta yi.

Sani_Ringim:
Hajiya kin taɓo mu wlh 😂 Malam ni abin da zan ƙara babur da waya. In makarantar ba nisa ka samu keke, ko ku riƙa karɓa karɓa da wani malamin, yau naka gobe nasa. Data kuma ka daina sayen ta kullum, sayi ta wata ka kashe bidiyon Facebook da ke buɗe kansa. Ƙaramar sola mai fitila da cajin waya in ka daure ka saya sau ɗaya ka huta da kuɗin caji da batirin tocila.

Abu_Hafsat:
Duk shawarwarin nan masu kyau ne amma fa sai da kuɗi a hannu ake sarin kwandon tumatir da sola. Mutumin da ke cikin bashin mai shago ina zai samo? Ni dai a ganina ya fara kashe bashin nan tukuna ko da wata uku zai ɗauka ana tuwo miyar kuka, sannan ya shiga adashi da malaman makarantarsu ya roƙi a ba shi kwasar watan 10 ko 11 daidai kaka, ranar da ya kwasa kada kuɗin su kwana a gida, ya wuce kasuwa ya mai da su hatsi. Kuma ƙanin nan naka ɗan sakandare ba yaro ba ne, a sai masa 'yan kaji ko tunkiya ɗaya ya riƙa yi mata ciyawa, kuɗin littafinsa ya fita daga nan, takin kuma a kai gona.

Malamin_Taura:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya maganar shayi kam ba zan yi musu ba, jiya na lissafa a raina na ji kunya, sai dai Inna ba ta cin tuwo sai da ɗan nama ko kifi, wannan ba zan taɓa shi ba. Adashin muna da shi a makaranta amma kullum kwasar watan Sallah nake karɓa, zan yi wa mai riƙe mana magana a canza min. Baba in na shigo Gujungu ran Lahadi ta wane layi ake samun buhun nan, kuma ana iya sake amfani da shi shekara ta biyu ko sai sabo?

Baba_Mai_Awo:
Ana sakewa in ledar ba ta huje ba, ka hura mata iska ka danna ka gani. Ka tambayi masu sayar da buhu da igiya, amma ka zo da hantsi kafin motocin kudu su cika wajen.