Zaɓen gwarzon dokin shekara: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Baban Sadiya, Louisville

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin barga, ko suka zauna kusa da manyan filayen sukuwa a ƙasashen waje. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani, tunda gani ya kori ji.

Ranar Asabar 6 ga Nuwamba 2010 ina cikin filin Churchill Downs. Lokacin tasi nake tuƙawa a garin nan, wani fasinja da na yi kwana biyu ina kai-komo da shi ya ba ni tikiti. Mutum sama da dubu 70, kuma galibinsu don goɗiya ɗaya suka zo, Zenyatta. Ta fita tsere sau 19, ta ci 19. Da magariba aka saki dawakin Breeders' Cup Classic, babban tseren ƙarshen shekara a Amurka, an riga an kunna fitilu. Aka bar ta can baya, har na ce a raina ko dai ciwo ta ji. Da aka sha kwanar ƙarshe sai ta dinga haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, ihu kamar rumfar za ta rufto. Ya rage saura doki ɗaya, Blame, Garrett Gomez a kansa. Suka iso layi tare, Blame ya riga ta da tsawon kai. Wurin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mutane. Mahayinta Mike Smith ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, ya ce laifinsa ne.

A Janairun 2011 aka sanar da kyautar Eclipse, wadda ita ce ke fitar da gwarzon dawakin Thoroughbred na shekara a Amurka tun 1971. Zenyatta ƙuri'a 128, Blame 102. Wallahi ni ma ita na je gani, ni ma idona ya cika da ƙwalla a daren, amma zuciyata ba ta karɓi wannan hukunci ba har yau. A shekarar Blame ya ci tseren Stephen Foster, ya ci na Whitney, ya ci Classic, sau ɗaya tak aka kayar da shi. Nasarorin Zenyatta biyar duk a cikin goɗiyoyi 'yan'uwanta ne. Sau ɗaya suka haɗu, fili ɗaya, nisa ɗaya, ita ma ta fi shi sauƙin kaya da fam uku, ya riga ta. Me kuma ake so doki ya yi? Masu zaɓen 'yan jaridar sukuwa ne da ma'aikatan filaye da na jaridar Daily Racing Form, kuma ba wani rubutaccen ma'auni da aka ɗaure su da shi. Kowa da abin da ransa ya kwanta da shi. Ni a ganina idan biyu suka yi kunnen doki, wanda ya ci ranar da suka haɗu shi ne gwarzo.

Maman Ilham, Pasadena

Wa alaikumus salam Yaya Baban Sadiya. Ka fara labarin daga tsakiya. Koma baya shekara ɗaya.

Gidanmu bai da nisa da Santa Anita, kuma ina wurin a Nuwamban 2009 ranar da Zenyatta ta shiga cikin maza a wannan Classic ɗin dai, ta taso daga ƙarshe ta wuce su duka. Ba goɗiyar da ta taɓa cin tseren kafin ita. Na ga tsofaffin mata suna rungumar mutanen da ba su sani ba. Ta gama shekarar biyar cikin biyar. Da aka zo zaɓe sai aka bai wa wata goɗiya, Rachel Alexandra, 130 da 99, alhali mai ita, Jess Jackson, ya ƙi kawo ta wurin, kuma lafiyarta ƙalau. A nan ina ƙa'idarka ta haɗuwa take? Ba a haɗu ba, don ɗaya ta zo ɗaya ta zauna a turke.

Sannan Churchill Downs gidan Blame ne, ya saba cin tsere a kan ƙasar. Ita kuwa ba ta taɓa tsere a can ba, ƙasa tana ta watsuwa a fuskarta, kuma duk da haka kai ɗaya ne ya raba su.

Amma zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Zaɓen 2010 ya yi mini kama da biyan bashi. Kamar an ji kunyar a ce goɗiyar da ta ci 19 cikin 20 ta yi ritaya ba ta taɓa ɗaukar kyautar ba. Na yi murna a ranar, amma na san an gyara kuskure ne da haƙƙin wani. Da akwai wata kyauta daban ta aikin rayuwar doki gaba ɗaya, da ba a taɓa rabon Blame ba. Abin da nake so a rubuta shi ne: dokin da ke lafiya aka ƙi kawo shi babban taron ƙarshen shekara, a rage masa maki.

Ɗan Barga, Saratoga

Hajiya Maman Ilham, Allah ya huci zuciyarki, amma bari mai wanke ƙafar doki ya sa baki. A lokacin filin Santa Anita ba ƙasa ba ce, shimfiɗar roba ce da yashi da zare. Duk wanda ya taɓa shafa ƙafar doki da asuba bayan atisaye ya san ba ɗaya suke ba. Akwai dokin da ke tashi sama a kan ƙasa, a kai shi kan roba ya zama kamar ba shi ba. Jess Jackson ya riga ya ɗanɗana: dokinsa Curlin, gwarzon 2007, ya zo na huɗu a Classic na 2008 a kan wannan shimfiɗar. Ba tsoro ne ya hana shi ba.

Ina Saratoga ranar da Rachel Alexandra ta shiga tseren Woodward a Satumban 2009. 'Yar shekara uku a cikin riƙaƙƙun maza, tun daga fari aka matsa mata, aka yi ta kawo mata hari ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe har layi, Macho Again yana numfashi a wuyanta. Ta ci takwas cikin takwas a filaye bakwai. Ta ci Kentucky Oaks da tazarar da ta haura tsawon doki 20, ta ci Preakness wanda rabon goɗiya da shi tun 1924, ta ci Haskell. Zenyatta ba ta yi tsere a wajen California ba a shekarar. Idan za a rage maki don ƙin tafiya, a rage wa kowa.

An so haɗa su a Oaklawn a Afrilun 2010, har aka sa dala miliyan 5. Rachel ta faɗi a tseren share fage a New Orleans, aka janye ta. Ni abin da na so a 2009 shi ne a raba kyautar biyu. Shekara takan zo da gwarzaye biyu, kuma ba aibu ba ne a faɗi haka.

Malam Na-Newmarket

Shekarata goma sha ɗaya ina hawan dawakin atisaye a nan Ingila. Ina jin muhawararku sai na ga abin da ake yi a Turai ya ɗan fi kusa da adalci. Kyautar Cartier, da aka fara a 1991, ƙafa uku gare ta: makin da doki ya tara a manyan tsere, ra'ayin ƙwararru, sai ƙuri'ar masu karanta jaridun Racing Post da Daily Telegraph. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, shi ya sa aka haɗa idon da mudun.

A shekarun Frankel, 2011 da 2012, ba wanda ya buɗe baki, doki ya fita 14 ya ci 14. Wurin da aka gwada tsarin shi ne 2019. Enable, goɗiyar garinmu ta bargar John Gosden, ta ci Eclipse Stakes da King George da Yorkshire Oaks, ta tafi Faransa neman cin babban tseren can, Arc, karo na uku a jere. An yi ruwa, fili ya yi laushi, Waldgeist ya kamo ta dab da layi. A ɗakin da muke kallo ba wanda ya iya cin abinci. Duk da haka ita aka bai wa Cartier. Baban Sadiya, ga inda ƙa'idarka ke cijewa: a King George ita ta ci, Waldgeist ya zo na uku. Ɗaya da ɗaya ke nan. Da wace haɗuwar za ka yi hukunci?

Ɗan Maraɗi

Malam, barka da aiki. Mu nan Nijar dawakin Faransa muka fi sani, saboda masu cacar dawaki ta PMU da ke bin su kullum. Ni ba na caca, kallo ke kai ni. Ranar Arc ɗin nan muna wurin mai shayi, da Waldgeist ya wuce sai da aka ture benci. Da labarin Cartier ya zo mutane suka ce daman an sani. Ƙafa ta uku da ka ambata, jaridun duka na Ingila ne. Wa zai zaɓi Waldgeist, dokin bargar André Fabre ta Faransa, a cikin masu karanta su? In kyautar ta Turai duka ce, a buɗe ƙuri'a ga mutanen Faransa da Jamus, ko a cire ta baki ɗaya. Su masu auna dawaki na duniya ai maki ɗaya suka ba su a shekarar, 128, tare da Crystal Ocean.

Abu Maryam, Dubai

Tunda an ambaci masu auna dawaki na duniya, ga nawa. Ina aikin gadi a Dubai, kuma na samu shiga Meydan a daren Dubai World Cup na Maris 2017. Da aka buɗe ƙofa Arrogate ya makara, aka matse shi, ya zama na ƙarshe. Wani Basudane da ke gefena ya ce shi ke nan. Sai ga shi yana zagayowa ta waje, ya zo ya wuce Gun Runner kamar wancan yana tsaye. Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma ban sa ran sake gani ba.

To amma bayan daren nan bai sake cin komai ba. Ya fita sau uku a Del Mar, ya faɗi duka ukun. Shi kuwa Gun Runner ya koma gida ya ci Stephen Foster da Whitney da Woodward, ya rufe da Classic, Arrogate yana bayansa can. A ƙarshen shekara jadawalin duniya na Longines ya ce Arrogate ne na ɗaya da 134, saboda su gudu mafi kyau guda ɗaya suke aunawa. Amurka kuma ta bai wa Gun Runner Eclipse. Na daɗe ina juya abin. Duka biyun sun yi gaskiya, tambayar ce ba ɗaya ba. Wancan yana tambayar wane doki ya fi gudu a rana mafi kyau, wannan yana tambayar wa ya riƙe shekara. Tunda sunan kyautar na shekara ne, ni ina bayan wanda ya jure daga fari har ƙarshe, ko da yake Arrogate ne nake ba 'ya'yana labari.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne dawakin da ake ɓoyewa. Flightline sau uku ya fita a 2022 ya ɗauki kyauta. Ba mai musun ƙarfinsa, amma in aka saba da haka kowa zai riƙa tattalin dokinsa don kuɗin barbara. A sa mafi ƙarancin fita, ko da biyar ne.

Baba Tsohon Mahayi

Yarana, sannunku. Jikana ne ke rubuta mini. Ni ban je ƙasashen da kuke faɗa ba, dawakin gida na hau, 'yan Arewa da 'yan Sudan, amma ciwon iri ɗaya ne. Wata shekara na riƙe wani akawal na wani bawan Allah mai ƙaramin ƙarfi. Muka ci a gari uku. Da aka zo rufe kaka sai masu shirya taron suka ce ai tseren ranar ƙarshe shi ne mai nauyi, kuma sai bayan an sauka suka faɗa. Dokin da muka kayar sau biyu ya ɗauki kofi. Mai dokina bai ce uffan ba, ya kama linzami muka taho. A hanya ya tsaya ya saya wa dokin kanwa da dusa, ya ce shi dai ya san abin da ya yi.

Duk tsarin da za a bi, maki ne ko ƙuri'a, a faɗe shi tun kafin a ɗaura sirdi na farko. Sannan mai zaɓe ya sa sunansa a jikin ƙuri'arsa, ya faɗi dalilinsa a bainar jama'a. Wanda ya san za a tare shi a kasuwa a tambaye shi, zai yi tunani sau biyu.

Baban Sadiya, Louisville

Allah ya ƙara girma Baba, ya saka wa mai akawal. Malam Na-Newmarket, ka kama ni a kan Enable da Waldgeist, ban da amsa tukuna, sai dai in ce a irin wannan a koma ga maki. A kan Blame kuwa ina nan inda nake. Akwai wanda ya zauna Japan a cikinmu? Ina son jin yadda mutanen can suka ɗauki abin da ya faru a 1999, da aka bai wa El Condor Pasa kyautar gwarzon Japan alhali bai yi tsere ko ɗaya a ƙasar ba a shekarar, aka bar Special Week.